Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi A Kan Ciwon Cikin 'Yan Firamare

Takarda ta fito daga hannun wani tsohon malamin firamare zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na jiharmu.  

Ranka ya daɗe, na san teburinka ba ya rabo da takardu, na kwangila da na albashi da na azuzuwan da iska ta yaye wa rufi, na kuma san cewa wanda ya zo maka da zancen ciwon cikin yara a tsakiyar waɗannan manyan al'amura zai yi kama da wanda ya kutsa fada ana tsakiyar rabon gado ya ce a tsaya a ji ɓatan akuyarsa. Amma da yake na shafe shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, tun ina malamin aji har na zama hedimasta har na ajiye aiki, kuma da yake abin da zan faɗa sai da ya shigo cikin gidana sannan na gane shi, bayan ya daɗe yana faruwa a gabana a cikin aji ina kallo, sai na ga ya zama wajibi a kaina in rubuto, in kuma rubuto a fili inda malamai da iyaye za su gani, domin laifin da ke cikin maganar nawa ne kafin ya zama na kowa.

Ina da jika mace 'yar shekara bakwai, bara tana aji biyu a wata makarantar gwamnati da ba zan kama sunanta ba, tunda ba ita kaɗai ke da wannan hali ba. Tun farkon zangon karatu na bara yarinyar nan ta soma kukan ciki, sau biyu ko uku a mako, ta dawo gida a ranƙwafe, ta ƙi abincin rana, ta kwanta rub da ciki a kan tabarma, can zuwa la'asar kuma ka gan ta ta miƙe tana 'yar carafke da sa'o'inta kamar ba ita ba. Wannan saurin warwarewa shi ya ja mata, domin malaminta ya yanke hukunci cewa ƙarya take, ƙin karatu ne kawai, ya kuma gaya wa uwarta haka. Kakarta ta ce basir ne, zaƙi ya yi mata yawa, aka ɗora ta a kan jiƙon sabara da jar kanwa. Ubanta ya je wurin mai kemis ya karɓo Flagyl da ja-da-yalo har sau uku ba tare da wani ya duba ta ba. Wata maƙwabciya kuwa ta ja uwar gefe ta ce a nemi tsari, yarinya mai ƙoƙari a makaranta ba ta rasa baki. Kowa ya ba da fatawarsa. Ni ma daga zaure na ba da tawa, wadda ba ta fi ta malamin kyau ba, don cewa na yi a ƙyale ta, in ta ga ba a kula ba za ta daina.

Wata Laraba uzuri ya hana yayanta zuwa ɗauko ta, sai na tafi da kaina, na isa ana saura kamar rabin sa'a a tashi. Ban same ta a aji ba. Na zagaya bayan ginin, inda yara ke fakewa su biya buƙata saboda shaddar makarantar ta rufta tun damunar da ta wuce, na tarar da ita a gindin wata darbejiya a durƙushe, ta ƙanƙame jakar littattafanta ta danna a ciki, gumi ya tsattsafo mata a karan hanci, cikin nan ya yi tam kamar ganga, yana ƙugi har ina ji daga inda nake tsaye. Da na tambaye ta abin da ya fito da ita, sai ta sunkuyar da kai ta ce iska ce ta kuɓuce mata a aji, yara suka kwashe da dariya har suka laƙaba mata suna, da ta nemi izinin fita kuma malam ya ce, "Ke kullum ciki, kullum ciki! Miƙo hannu," ya zuba mata biyu, sannan ya ce ta tafi. Wallahi, ranka ya daɗe, haushin malamin nan da na ji bai kai kunyar da na ji ta kaina ba, domin kalmomin da ya faɗa su ne ainihin waɗanda na sha faɗa, kuma a tsayen nan fuskokin waɗansu yara suka riƙa dawo mini, waɗanda yau sun zama magidanta, waɗansu ma sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda na rubuta wa "malalaci" a takardar sakamako alhali Allah kaɗai ya san abin da ke murɗa musu hanji.

Malanta ba ta bar mini dukiya ba, amma ta bar mini ɗabi'a guda, wato riƙon rajista. A daren nan na ɗauko sabon littafin rubutu, na sa rula na ja layuka, na keɓe gida ɗaya na rana, ɗaya na abin da ta ci tun daga karin kumallo har kwanciya, ɗaya na lokacin da ciwon ya tashi da inda ta nuna da yatsa, ɗaya kuma na yadda bayan gidanta ya kasance. Na ɗora wa uwarta aikin gaya mini kome, har alawar naira goma da ƙanƙarar da ake saya a bakin makaranta da kuɗin tara. Mako biyar muka yi a haka. Da na zauna na bi shafukan da jan biro, sai abin ya fito fili kamar lissafin ɗan aji uku: ciwon yana zuwa ne ranar da ake raba musu madara a makaranta, da kuma ranakun da ubanta ya biya da ita teburin mai shayi aka haɗa mata mai kauri da madarar gwangwani, kuma kusan kullum tsakanin sa'a guda zuwa biyu bayan ta sha. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ranar Juma'a takan sha fura da nono har ta yi ƙat, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Na ɗauki yarinya da littafi muka tafi wurin likitan yara, kuma ban manta ba, ya fi daɗewa a kan littafin fiye da yadda ya daɗe a kan yarinyar, har ya ce da iyaye za su riƙa zuwa masa da irin wannan da an rage masa rabin aiki. Duk da haka bai tsaya a nan ba: ya auna nauyinta da tsawonta, ya duba idonta, ya latsa cikin, ya sa aka gwada bayan gida aka sami ƙwayayen tsutsa, ya ba da magani, aka gwada jini aka tabbatar ba sikila ba ce, sannan ya ce a janye mata madara mako biyu cur, bayan haka a mayar mata a gani. Aka janye, ciwo ya kwanta. Aka mayar, ya dawo a ranar.

Bayanin da ya yi mini, wanda na ƙara bin diddiginsa daga baya, shi ne cewa a cikin madara, ta uwa ce ko ta saniya, akwai wani nau'in sukari da ake kira laktos, wanda jiki ba ya iya tsotse shi sai an fara raba shi gida biyu, mai wannan aiki kuwa wani sinadari ne da bangon ƙaramin hanji ke samarwa, ana ce masa laktes. Jarirai, in ban da ƙalilan ƙwarai, ana haihuwarsu da wadatar wannan sinadari, hikima daga Ubangiji tunda nono ne abincinsu. Amma a wurin mafi yawan 'yan Adam, bayan yaye sai ya soma raguwa sannu a hankali, har ya zamana yaro ɗan shekara biyar ko bakwai ya sha kofin madara, sukarin ya zarce ƙaramin hanji bai narke ba, ya faɗa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su far masa, daga nan sai iska da kumburi da murɗa, wani lokaci har da zawo. Kuma mutane ba ɗaya suke ba a wannan. A shekarar 1971 waɗansu likitoci, cikinsu har da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa ƙabilun Nijeriya, inda suka nuna mafi yawan Fulani makiyaya suna riƙe da sinadarin har girma, kusan duk manyan Yarbawa da Ibo sun rasa shi, Hausawa da Fulanin gida kuwa suka faɗo a tsakani. To, ajin makarantar gwamnati a garuruwanmu ya tara duk waɗannan zuriyoyi a kan benci ɗaya. Amma nono da kindirmo, da yake sun kwana sun yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamama su sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taya hanji narkar da saura, shi ya sa jikata ke shan furarta lafiya. Ashe matan ruga da ke zuba madara a ƙwarya su bari ta kwana sun riga masu gwangwani sanin abin da cikinmu ke ɗauka.

Kada Mai Girma ya zaci jikata ce kaɗai. Tun a shekarar 1958 wani likitan yara a birnin Biristol na Ingila, John Apley, shi da abokiyar aikinsa Nora Naish, suka bi 'yan makaranta dubu ɗaya da tambaya da dubawa, suka tarar fiye da ɗaya cikin goma suna fama da ciwon ciki mai tafiya yana dawowa, 'yan mata sun ɗan fi maza. Ma'aunin da suka kafa kuwa, wanda likitoci suka daɗe suna aiki da shi, shi ne ciwon ya taso aƙalla sau uku a tsawon lokacin da bai gaza wata uku ba, ya kuma yi tsananin da zai hana yaro harkarsa. In muka ari wannan lissafi muka shiga da shi ajinmu mai yara tamanin, mun tashi da takwas ke nan, ko kusa. Apley ya lura cewa a mafi yawan yaransa ba a samun wata cuta da za a nuna da yatsa, ya kuma bar wa na baya wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, cewa gwargwadon nisan ciwo daga cibiya, gwargwadon yiwuwar akwai cuta a wata gaɓa. Sai dai yaran Biristol ruwan famfo suke sha, suna da bayan gida a makaranta, suna kuma sa takalmi, saboda haka ba daidai ba ne wani malami namu ya ji wannan labari ya ce ai daman na faɗa, babu kome a cikin.

Yaronmu abin da ke bayan cikinsa da yawa. Akwai macijin ciki da ƙwansa ke shiga ta hannu mai ƙasa, da tsutsa mai shan jini da ke huda tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, da tsargiya da ake ɗaukowa a kududdufi da madatsun ruwa, wadda wani nau'inta hanji yake kamawa. Akwai atini da taifot da ke zuwa ta ruwan randar aji mai moɗa ɗaya. Akwai zazzaɓin cizon sauro. Akwai sikila, wadda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da ita, kuma tashinta kan zo ta ciki kamar yadda yakan zo ta ƙashi. Akwai gubar dalma, wadda a shekarar 2010 ta kashe yara fiye da ɗari huɗu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ciwon ciki kuwa yana cikin alamominta. Akwai kuma wanda aka fi raina wa, ga shi yana cikin mafi yawa, wato taurin bayan gida. Domin yarinyar da makarantarta ba ta da shadda, ko tana da wadda ba ta shiguwa, ba za ta sha ruwa ba don kada fitsari ya kama ta, za ta kuma matse abin da ya matse ta tun daga ƙarfe takwas har azahar, yau da gobe hanji ya saba da riƙewa, ciki ya cushe, mu kuma muna ta ɗura mata jiƙo.

Game da abincin da bai karɓi yaro ba, ya kamata malamai su san iri biyu ne, haɗa su kuwa haɗari ne. Irin na jikata wahala ne da kunya, amma ba ya kisa, mai shi ma yakan iya shan kaɗan in an haɗa da abinci. Ɗayan irin kuwa shi ne wanda garkuwar jiki ke ɗaukar wani abinci a matsayin abokin gaba, galibi gyaɗa ko ƙwai ko kifi ko riɗi ko ita kanta madarar, yaro ya ci ko da ɗan kaɗan ne, cikin mintoci sai borin jini ya feso, leɓe da fatar ido su kumbura, amai ya taso, in abin ya yi tsanani maƙogwaro ya shaƙe numfashi ya sarƙe. Wannan ba ya jiran a tashi makaranta, ba ya jiran a kira uba daga kasuwa, sai a ruga da yaro asibiti a yi masa allurar adirenalin. A ƙasar da ƙuli-ƙuli da yajinsa da man gyaɗa suke cikin kusan kowane abin talla, ban ga dalilin da zai sa malamin da ya yi shekara uku a kwalejin horon malamai ya fito bai taɓa jin wannan ba ko da sau ɗaya.

Sai alkama. Mu da muka tashi a kan tuwon dawa da kunun gero, alkama abincin sallah ce da biki, alkaki da funkaso da taliyar hannu. Yaran yanzu kuwa da biredi suke karyawa, su ci biskit da fanke a tara, su kwana a kan taliyar leda. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda a jikin waɗansu, kimanin mutum ɗaya cikin ɗari a ƙasashe da yawa, yake sa garkuwar jiki ta cinye bangon hanji, yaro ya yi ta zawo da kumburi, jininsa ya yi ƙasa, ya ƙi girma. Wani likitan Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙar, bayan an lura cewa a yunwar da ta auka wa ƙasarsa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da biredi ya yanke, yaran da ke da wannan cuta sun sami sauƙi, da ya dawo kuma suka koma. An daɗe ana zaton cutar Turawa ce, sai ga shi a shekarar 1999 an gwada yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira na Tinduf a Aljeriya, waɗanda garin alkama na agaji ya zama abincinsu, aka sami fiye da biyar cikin ɗari suna da ita. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu, wato dai maganin yaron da ke da wannan larura yana cikin rumbun ubansa, muddin an gane. Amma likitoci suna gargaɗin kada a janye alkama kafin a yi gwajin jini, don janyewar na ɓoye alamar.

Ban ce kuma kowane ciwon ciki daga ƙwarya yake ba. Harshenmu da kansa shaida ne: murna farin ciki muke ce mata, damuwa baƙin ciki, wanda tsoro ya kama mu ce cikinsa ya ɗuri ruwa ko hantarsa ta kaɗa, likitocin zamani kuwa sun tabbatar cewa tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji akwai jijiyoyi masu kai saƙo da komowa. Yaron da ya san dorina na jiransa a darasin lissafi, ko wani ƙato ɗan aji shida na tare shi ya ƙwace masa kuɗin tara, ko ya baro gida ana rigimar saki, in ya ce cikinsa na ciwo gaskiya ya faɗa, ciwon yake ji, ko da an haska ba a ga kome ba. Haka nan wanda ya fito tun asuba bai sa kome a bakinsa ba. Bulala ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu, na gwada shekara da shekaru.

Magabata ba su ɗauki wannan babi ƙarami ba. Abubakar Arrazi, babban tabibin Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 925 Miladiyya, ya wallafa littafi sukutum a kan amfanin abinci da hanyar kauce wa cutarwarsa, ya kuma yi risala a kan wani malamin Balkhu da mura ke kamawa duk lokacin da furen wardi ya buɗe, wato ya gane tun a wancan zamani cewa abin da yake ni'ima ga jama'a yana iya zama cuta ga mutum guda. A nan gida kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da yaƙi da shari'a da ginin ribaɗi da ke kansa, ya sami lokacin da ya rubuta risaloli a kan ɗibbu, har da ta basir da ta ciwon ido, bai ga hakan ya rage masa daraja ba. Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali cikin manyan manufofin shari'a, yaron da iyayensa suka miƙa wa hukuma daga safe zuwa azahar kuwa amana ne a hannunta, da cikinsa da ƙwaƙwalwarsa. Mu ma da muka yi firamare a zamanin En'e muna tuna dubagari da ke shigowa ya leƙa randa da shadda, da malamin disfensa da ke zuwa a jera mu a duba ido da farce da kai. Tsarin kula da lafiyar 'yan makaranta da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2006 ya ƙunshi tsabtar muhalli da duba lafiya da ciyarwa, saboda haka abin da nake roƙo yana nan a rubuce, farfaɗo da shi kawai ake jira.

Ban zo in kushe ciyarwa ba, Allah ya kiyaye. Na ga da idona yadda shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016, na ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro, ya cika azuzuwa da yaran da a da talla suke yi, kuma ƙwai guda ko kofin madara ga ɗan talaka ba ƙaramin abu ba ne. Ina ma tsoron kada wani ya karanta wannan takarda ya koma gida ya haramta wa 'ya'yansa ƙwai da madara da gyaɗa gaba ɗaya bisa zato, mu koma zamanin da ake hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata. Yunwa ta fi duk abin da na lissafa kashe mana yara. Abin da nake nema shi ne ranar da ake rubuta sunan yaro a makaranta, bayan sunan uba da unguwa, a ƙara layi biyu a takardar: shin akwai abincin da bai karɓe shi ba, kuma me yake yi masa in ya ci, shin an san rukunin jininsa game da sikila. Amsar ta isa ga malamin aji da mai dafa abinci, a ba mai dafawar izini a rubuce ta musanya wa irin waɗannan yara, kindirmo ko kunun gero a madadin madara, ƙosai ko alale a madadin ƙwai ko biskit, kada ta ji tsoron mai duba aiki zai ce ta saɓa jadawali.

Babban roƙona dai shi ne littafin nan. A ba kowane malamin aji umarni, duk yaron da ya ce cikinsa na ciwo a rubuta sunansa da rana da sa'a da abin da ya ci da inda ya nuna, a ajiye bulala, a bar shi ya zagaya. In sunan ya fito sau uku a zango guda, hedimasta ya kira uwa ko uba ya ba su takardar zuwa asibiti tare da kwafin shafin. A kuma buga alamomin da ba a jira da su a manna a ofishin kowane hedimasta, da Hausa, da boko da ajami: jini a bayan gida, amai kore, ciwon da ke tashin yaro daga barci, ko wanda ya tare a ƙasan ciki ta dama, zazzaɓi mai naci, rama, ido ya yi fari fat ko ya yi rawaya, kumburin fuska da sarƙewar numfashi bayan cin abinci. Wannan duka kuɗinsa bai kai na fentin katangar makaranta guda ba. Maganin tsutsa kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara sau ɗaya a shekara a inda ashirin cikin ɗari ke da ita, sau biyu a inda ta wuce hamsin, ƙwaya ɗaya ce ta albendazol ake taunawa, wani kamfanin da ke yin ta ma kyauta yake bayarwa ta hannun hukumar. Abin da ya rage shi ne ofishinka da na takwaranka na lafiya su tsayar da rana, a sanar da iyaye ta bakin limamai da masu unguwa don kada jita-jita ta riga magani isa, a kuma tabbatar yara sun ci abinci kafin a ba su na tsargiya, don shi yana murɗa cikin da babu kome. Shadda da ruwa su ne masu tsada, na sani; amma ina roƙon kada a ƙara karɓar sabon ginin aji daga hannun ɗan kwangila sai da bayan gida na maza daban na mata daban, da buta da sabulu ko toka a ƙofa.

Jikata yanzu tana aji uku. Ranar madara uwarta kan zuba mata kindirmo a 'yar roba, sabon malaminta ya sani, ba ya tsawata mata, sunan da yara suka laƙaba mata ma ya fara ɓacewa, ko da yake har yau ba ta yarda ta zauna a bencin gaba. Shaddar makarantar tana nan a rufte. Na haɗo wa Mai Girma kwafin shafuka biyar na littafin nan, na shafe sunanta, don a ga yadda layukan suke. In an ga ya dace in zo in nuna wa hedimastoci yadda ake jan su a taronsu na farkon zango, ƙafata tana iya kai ni har yanzu, ba na kuma neman kuɗin mota.

Allah ya ja zamaninka. Haza wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon hedimasta.